Ba Kowane Jan Ido Ne Apolo Ba

Duk lokacin da ciwon ido ya ɓarke a unguwa, magana ɗaya ake ji a bakin manya: apolo ne, yayinsa ake yi, kwana kaɗan zai wuce. A mafi yawan lokuta kuwa gaskiya suka faɗa. Cutar nan da aka fara ganin annobarta a Ghana a 1969, ta bazu zuwa Najeriya da maƙwabtanta, ƙwayar bairos ce ke kawo ta. Ido ya kaɗa ya yi jawur, fatarsa ta kumbura, hawaye ya yi ta zuba, amma bayan mako ɗaya ko biyu sai ya washe ko da ba a ɗiga komai ba. Wannan sauƙin nata shi ne ya zame mana tarko, domin ya koya mana raina jan ido har muka daina yin tambayar da ta fi kowace muhimmanci: idon wa ya yi ja? Na yaron da ke cin tuwo ya ƙoshi ya fita guje-guje, ko na wanda ƙyanda ta sake shi makon jiya? Na wanda tamowa ta tsotse, ko na wanda aka haifa da ƙwayar ƙanjamau, ko na wanda ke karɓar maganin ciwon daji? Matsayina a fili yake tun daga nan: ciwon ido a jikin yaron da garkuwarsa ta yi rauni lamari ne na gaggawa, daidai da suma ko shiɗewa, kuma alhakin gane shi ya fi rataya a wuyan asibitocinmu da hukumominmu fiye da wuyan uwar da ta goyo shi.

Kafin a ce na cika baki, bari mu duba yadda abin yake faruwa a cikin jiki. Akwai bairos da likitoci ke kira hapis, wanda kowa ya san aikinsa ko da bai san sunansa ba, don shi ne ke feso da ƙananan ƙuraje a gefen leɓe bayan mutum ya sha zazzaɓi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi biyu cikin uku na mutanen duniya 'yan ƙasa da shekara 50 suna ɗauke da shi, akasari tun suna ƙanana. Idan ya shiga jiki ba ya fita. Laɓewa yake yi a cikin jijiyar da ke kai saƙon ji daga fuska da ido zuwa ƙwaƙwalwa, garkuwar jiki ta danne shi shekara da shekaru. Ranar da garkuwar ta yi sanyi saboda yunwa ko zazzaɓin cizon sauro ko ƙyanda, sai ya biyo jijiyar ya fito a kan tantanin nan garai-garai da ya rufe baƙin ido, ya yi masa gyambo. A jikin yaro lafiyayye gyambon ƙarami ne, siriri mai rassa, ido ɗaya yake kamawa, kuma yana jin magani. A jikin yaro mai rauni sai ya yi faɗi, ya yi zurfi, ya kama ido biyu, ya warke ya sake dawowa. Tartsatsin wuta ɗaya ne, amma wanda ya faɗa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa daban yake da wanda ya faɗa a kan dangar kara a tsakiyar bazara. Wani sharrin wannan ƙwaya shi ne tana kashe jin zafi a tantanin, don haka yaron da idonsa ke lalacewa ba lallai ne ya yi kukan da zai tayar da hankalin gida ba. Ƙarshen lamarin ɗayan biyu ne: ko gyambon ya warke ya bar hakiyar da za ta tare gani, ko ya huda tantanin idon ya tsiyaye.

Babu cutar da ta iya shirya wa wannan ɓarna fage kamar ƙyanda, wadda muke yi wa laƙabi da baƙon dauro. Ita kanta bairos ce, kuma tana taɓa ido kai tsaye, shi ya sa mai ƙyanda ke gudun haske yana runtse ido. Bayan haka tana cinye ɗan abin da yaro ya tara na bitamin A a hantarsa, sinadarin da ke riƙe danshin ido da ƙarfin tantaninsa, a daidai lokacin da ciwon baki da gudawa suka hana shi ci. Sannan ta karya garkuwar jiki. A 2019 masu bincike suka auna jinin yara 77 a ƙasar Holan waɗanda ba a yi wa riga-kafi ba, kafin su kamu da ƙyanda da bayan sun warke, suka tarar cutar ta shafe daga kashi 11 zuwa kashi 73 cikin ɗari na sinadaran kariyar da jikinsu ya tara a kan wasu cututtuka. Waɗannan fa 'ya'yan ƙoshi ne a Turai. Mu nan ba mu buƙatar zuwa Holan don sanin sakamakon, domin tun 1979 likitocin da suka yi aiki a Arewacin Najeriya, Hilton Whittle da John Sandford-Smith, suka wallafa abin da suka gani: yara masu tamowa da suka tashi daga ƙyanda, hapis ya ɓarke musu a baki da ido. A 1987 kuma Allen Foster da Alfred Sommer suka duba yara 130 masu gyambon ido a Tanzaniya. Kashi 37 cikin ɗari ba su daɗe da tashi daga ƙyanda ba. Hapis ne ya fi kowane dalili yawa, ƙarancin bitamin A ne ya fi makantar da ido biyu ya kuma fi kisa, sannan ga magungunan gargajiya da aka zuba a ido. Shekara arba'in da doriya ke nan da aka rubuta labarin a ƙofar gidanmu. Me muka yi da shi?

Wani zai ɗauka ina magana ne a kan 'yan tsirarun yara da ke kwance a manyan asibitoci. A Amurka ko Ingila haka ne, idan aka ce yaro mai raunin garkuwa ana nufin wanda aka yi wa dashen ƙoda ko ɓargo, ko mai ciwon dajin jini, kuma irin wannan yaro likitoci da yawa ne ke zagaye da shi. A ƙasar Hausa ma'anar ta fi haka faɗi nesa ba kusa ba. Binciken lafiyar al'umma na Najeriya na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki, a Arewa maso Yamma kuwa adadin ya kai kashi 57. Wannan binciken dai ya nuna kashi 54 ne kawai na yaran ƙasar suka samu allurar ƙyanda, a Sakkwato kuma kashi 5 ne suka kammala dukkan allurai na farko. Kowace bazara ƙyanda na zagayowa, kowace damina kafin kaka cibiyoyin kula da tamowa na cika maƙil a Katsina da Kano da Zamfara, haka abin yake a Maraɗi da Damagaram. Ke nan yaron da nake magana a kansa ba baƙo ba ne. Yana gidan maƙwabci, in ma ba ya cikin gidanmu.

Hujja ta farko da ake kawo mini mai ƙarfi ce, kuma ba zan raina ta ba. Masu ita cewa suke: a cikin jajayen idanu ɗari, kusan duka za su warke da kansu, in ka tsorata jama'a, za su cika asibitocin da dama can sun yi wa ma'aikata yawa, talaka ya kashe kuɗin mota a banza, gobe in an kira shi ya ƙi zuwa. Na yarda da rabin farko. Inda muka rabu shi ne, ban ce a kwashi kowane mai apolo a kai shi asibitin ido ba. Cewa na yi a tantance, kuma ma'aunin tantancewar ba ya buƙatar digiri. A dubi jikin yaron kafin a dubi idonsa: ya yi ƙyanda ko ƙarambau cikin watannin nan uku? Ya rame ko ƙafafunsa sun kumbura? Yana shan maganin ƙanjamau, ko na daji, ko maganin sitiroyid na dogon lokaci irin wanda ake bai wa masu ciwon ƙoda? Sannan a dubi idon da tocila: akwai fari ko hazo a kan baƙin? Ya kasa buɗe shi kwata-kwata? Akwai ƙuraje masu ruwa a fatar ido ko a goshi? Yana dundumi da magariba? In amsa ɗaya ta zama e, wannan ba ido ne na jira ba. Ƙa'idar kula da cututtukan yara da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa, wadda aka horar da dubban ma'aikatan lafiyarmu a kanta, ta riga ta ce hazo a idon mai ƙyanda alama ce ta tura shi babban asibiti nan take bayan an ba shi bitamin A. Ba sabuwar doka nake nema ba. Tsohuwar nake so a yi aiki da ita.

Yanzu mu zo inda ɓarnar ta fi yawa, wato kantin kemis. Uba ya shiga ya ce yaro na ciwon ido, ba tare da ya zo da yaron ba ma, sai a miƙo masa 'yar kwalba. A cikin kwalaben nan da yawa akwai sitiroyid, deksametazon ko betametazon, sau da yawa a gauraye da maganin kashe bakteriya a kwalba ɗaya. Aikin sitiroyid shi ne kwantar da kumburi, hanyar da yake bi kuwa ita ce danne garkuwar wurin da aka ɗiga shi. Kwana biyu ido ya yi fari, yaro ya buɗe shi, kowa ya ce maganin nan akwai kyau, a ajiye kwalbar don ƙanensa. Amma in hapis ne a ciki, an ɗaure hannun ɗan ragowar mai gadin da ya saura, ƙwayar ta samu fili ta yi ta haihuwa, siririn gyambo ya zama faffaɗa. Garin neman gira an rasa ido ke nan, ba a karin magana kawai ba. Ko a idon da babu hapis, ɗiga sitiroyid wata da watanni, kamar yadda ake yi wa yaran nan masu yawan ƙaiƙayin ido da farin idonsu ya koma ruwan ƙasa, yana jawo hawan jinin ido da yanar ido tun suna ƙanana. A doka, waɗannan magunguna ba a sayar da su sai da takardar likita, kuma lasisin da hukumar kula da harhaɗa magunguna ke bai wa ƙananan kantuna bai haɗa da su ba. To, ta ina suke shigowa? Wa ya taɓa jin an rufe wani kanti a kan kwalbar maganin ido?

Masu kare 'yan kemis za su ce, kuma da gaskiyarsu, a ƙauyen da asibiti mafi kusa ke nisan tafiyar rabin yini, mai kemis shi ne likita, shi ne nas, shi ne mai ba da bashi in babu kuɗi. Rufe shi zalunci ne a kan talaka. Ni ma ba rufewa nake nema ba, kuma ban ɗauki mai kemis a matsayin mugu ba. Ƙaramin sani ne ƙuƙumi, maganinsa kuwa ƙarin sani. Abin da ya kamata ya sani bai fi a koyar da shi cikin yini ɗaya ba: kada a sayar da maganin ido ga yaron da ba a gani ba, kwalbar da ke da sitiroyid ba ta fita sai da takarda, in dole sai an ba da wani abu kafin a kai asibiti, man tetarasaikilin ko ɗigon kuloramfenikol ba sa kashe bairos, amma ba sa rura shi, kuma suna tare bakteriya daga hawa kan gyambo. Ƙungiyoyin masu kemis suna da shugabanni da tarurruka a kowace ƙaramar hukuma, an sha bi ta hannunsu wajen koyar da gwajin zazzaɓin cizon sauro da ruwan gishiri da sikari. Me ya hana a bi ta nan don ido? A ɗaya gefen kuma, hana mummunan magani ba shi da amfani in babu mai kyau. Man ido na asaiklobir, wanda ke danne hapis in an fara shi da wuri, yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma ya kamata a same shi a duk cibiyar da ke kwantar da masu tamowa.

Maganar magungunan gida ba za ta ɓoyu ba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ana ɗiga ruwan sikari, da ruwan albasa, da ruwan ganyaye, da nonon uwa, har da fitsari da ruwan batir. Fitsarin mai ciwon sanyi na iya huda lafiyayyen ido cikin kwanaki kaɗan, ina ga wanda ya riga ya yi gyambo. Ruwan ganye na shigar da ƙwayoyin funfuna masu wuyar magani. Kwalli da tozali, waɗanda muke so don ado da al'ada, da yawansu akwai dalma a ciki, kuma tsinke ɗaya da ke zagaya idanun 'yan gida hanya ce ta raba cuta. A wasu gidaje kuma har yanzu ana kulle mai ƙyanda a ɗaki mai duhu, a ce cutar ba ta son allura ko ruwa, ido ya manne da kwantsa kwana da kwanaki ba wanda ya buɗe ya gani. Duk wannan gaskiya ne. Amma ina ƙin salon da wasu ma'aikatan lafiya ke bi na tsayawa a nan, a dangwara wa uwa laifi, a ce jahilci ne, a wuce. Matar da ta ɗiga ruwan sikari ba ƙin ɗanta take yi ba, abin da hannunta ya kai gare shi ke nan. Ba ita ke riƙe da kuɗin mota ba, sau da yawa ma ba ita ke da ikon fita ba sai maigida ya dawo. In an daka mata tsawa a gaban jama'a ranar da ta zo, ba za ta sake zuwa ba, kuma za ta gaya wa kishiyarta da maƙwabciyarta. Wa'azin nan iyaye maza ya kamata ya fi shafa, a masallaci da majalisa da rediyo, domin a hannunsu shawarar tafiya asibiti take.

Hujja mafi nauyi ita ce wadda ke fitowa daga bakin likitoci nagari da aiki ya yi wa yawa. Sukan ce: yaron nan yana gudawa, numfashinsa na sarƙewa, jininsa ya ƙare, rai muke ƙoƙarin riƙewa, ido ya jira. Wanda ya taɓa ganin ɗakin masu tamowa a watan Agusta ba zai yi musu gatse ba. Sai dai wannan rabe-raben tsakanin rai da ido ba shi da tushe a kimiyyar cutar kanta. Idon da ya fara hazo yana ba da labarin abin da ke faruwa ne a huhu da hanji, domin ƙarancin bitamin A ɗin da ya busar da ido shi ne ya raunana su. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya da aka daɗe ana ambato ya ce yara 250,000 zuwa 500,000 ke makancewa duk shekara saboda wannan ƙaranci, rabinsu kuma suna mutuwa cikin wata goma sha biyu. Wani gwaji da aka yi a Cape Town, aka wallafa a 1990, ya nuna bai wa yara masu ƙyanda mai tsanani bitamin A ya rage mace-mace da fiye da rabi. Ƙwayar maganin nan, shuɗiya ga 'yan wata shida zuwa goma sha ɗaya, ja ga waɗanda suka cika shekara, ana ba da ita ranar farko da ta biyu, a ƙara ta uku bayan 'yan makonni in ido ya nuna alama. Ita ce dai wadda ake rabawa a makon lafiyar mata da ƙananan yara. Buɗe fatar ido a hankali a haska tocila bai kai minti ɗaya ba. Wanda ya duba ido bai bar ceton rai ba, ƙara shiga cikinsa ya yi.

Kuma ido ba ya jira, domin abin da ya lalace a nan ba ya dawowa. Maganin hakiya mai kauri shi ne dashen sabon tantani daga idon mamaci, aikin da ba kasafai ake samunsa a yankinmu ba, wanda ko a ƙasashen da suka ƙware ya fi wuyar kamawa a idon ƙaramin yaro, musamman idon da hapis ya ci. Ƙari a kan haka, ƙwaƙwalwa tana koyon gani ne a shekaru bakwai zuwa takwas na farko. Idon da aka tare wa haske a wannan lokaci yakan zauna da rauni ko da an gyara shi daga baya. Makanta ba ta rage wa ɗan Adam daraja, muna da malamai da mahaddata da ma'aikata makafi da suka fi masu ido da yawa amfani. Amma makarantun makafi irin ta Gindiri a Filato da ta Tudun Maliki a Kano nawa muke da su, kuma yara nawa za su ɗauka? Mafi yawan yaran da suka makance a ƙauye mun san inda rayuwa ke kai su, su da ɗan jagoran da shi ma za a cire daga makaranta. Masu cewa ƙaddara ce ba su yi ƙarya ba, komai da ƙaddara yake tafiya, amma addinin da ya koya mana yarda da ita shi ne ya umarce mu da neman magani, kuma bai taɓa sauke wa mai riƙe da amanar jama'a nauyi da sunan ƙaddara ba.

A kan allurar riga-kafi ba zan yi kamar ban san dalilin ɗari-ɗarin da mutanenmu ke yi ba. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara lokacin annobar sanƙarau a Kano a 1996, da ƙauracewa allurar shan inna a 2003, sun bar tabo. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Amma allurar ƙyanda ta fi shekara sittin ana amfani da ita a duniya, allura biyu na kare kusan kowane yaro, kuma a Najeriya ana yin ta kyauta a wata tara da wata goma sha biyar. Ga wani abu da ba a cika faɗa ba: yaron da garkuwarsa ta karye sosai, kamar mai karɓar maganin daji ko wanda ƙanjamau ta ci ƙarfinsa, ba a yi masa wannan allura, saboda ƙwayar da ke cikinta rayayyiya ce da aka raunana. Kariyarsa kaɗai ita ce 'ya'yan maƙwabta su kasance an yi musu, har cutar ta rasa gadar da za ta bi ta iso gare shi, wanda ke buƙatar kusan kashi 95 cikin ɗari. Magidancin da ya hana a yi wa 'ya'yansa lafiyayyu, shawara ya yanke a kan idon ɗan wani.

Akwai kuma ciwon da ko ja ba ya sa ido, shi ne ya fi ba ni tsoro. Bairos ɗin da ake kira CMV yana jikin yawancinmu ba ya yin komai, amma in ƙanjamau ta kai garkuwa ƙasa, ko bayan dashe da maganin daji, sai ya kama tantanin bayan ido da ke karɓar hoto ya riƙa cinye shi a hankali. Daga waje ido fari tas, babu zafi, babu kwantsa. Babba zai ce yana ganin ɗige-ɗige na yawo. Ɗan shekara uku me zai ce? Sai an ga yana tuntuɓe ko yana lalube, lokacin kuwa sau da yawa ido biyu sun tafi. Gaskiya ne wannan ciwo ya fi yawa a manya fiye da yara, kuma rahotanninsa a Afirka ba su kai na Asiya ba, amma yara masu ƙanjamau da ba su samu magani ba rabinsu kan mutu kafin su cika shekara biyu, waɗanda suka rayu kuwa ba a cika leƙa bayan idonsu ba. Maganinsa, gansaiklobir da ɗan'uwansa na haɗiya, yana da tsada. Abin da ya karya lagonsa a ƙasashen Yamma tun daga 1996 shi ne magungunan danne ƙanjamau, waɗanda ake bayarwa kyauta a Najeriya da Nijar. Matsalar ita ce Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi yawan jariran da ke kamuwa daga uwa, kuma yara sun fi manya baya wajen samun magani. Gwajin mai ciki, gwajin jariri a mako shida, da fara magani nan take, su ne maganin idon nan tun kafin ya kamu. Ido ma kan tona abin da kunya ta ɓoye: yaron da ƙuraje masu raɗaɗi suka feso masa a gefe ɗaya na goshi har fatar ido, ko ƙananan ƙulluttai masu cibiya suka cika masa fatar ido da fuska, ya cancanci a yi masa gwajin ƙanjamau cikin sirri da mutunci, ba tare da an yanke hukunci kafin sakamako ba.

Sai hujjar da ake rufe kowace muhawara da ita: ba mu da likitocin ido. Haka ne, 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200, galibinsu a birane, masu ƙwarewa a idon yara kuwa sun fi haka ƙaranci. Amma mafi yawan abin da na zayyana ba aikin ƙwararre ba ne. Tocila, da 'yar takardar fentin fulorasin da ake taɓa ido da ita gyambo ya fito kore, da bitamin A, da man asaiklobir, da takardar turawa mai lambar wayar wanda zai karɓi yaron: nas ko ma'aikacin lafiya na ƙauye zai iya riƙe su, kuma ofishin Afirka na Hukumar Lafiya ta Duniya ya fitar da littafin horar da irinsu a 2018. Ko leƙen bayan ido, wanda ake ganin sai ƙwararre, an gwada koyar da shi ga wasu. A ƙasar Myanmar ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta horar da likitocin ƙanjamau, waɗanda ba na ido ba, a bita ta 'yan kwanaki, suka riƙa gano CMV suna yi masa magani a asibitocinsu. Mu kuwa muna da Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, da asibitin ido na ECWA da na Makka a Kano, da asibitocin koyarwa a Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri, duk suna da masu iya koyarwa. Yaran ma ba sai an fita nemansu ba, sun riga sun taru a wuri uku: layin karɓar abincin tamowa, ɗakin masu ƙyanda, da asibitin karɓar maganin ƙanjamau na wata-wata. Abin da nake nema daga kwamishinonin lafiya na jihohin Arewa da takwarorinsu na Maraɗi da Damagaram shi ne gurbin ido a katin kowane yaro a waɗannan wurare uku ya zama dole a cike shi a kuma riƙa bin sawunsa, a saka kuɗin horarwa da na kayan nan a kasafin kuɗi, horon kuma ya kammala kafin watan Fabrairu, lokacin da ƙyanda ke fara tashi.